Bam a Ƙarƙashin Teburi: Hitchcock da Ƙaryar Raba Fasaha da Kasuwa

Sau biyar aka sa sunan Alfred Hitchcock cikin masu takarar kyautar Oscar ta gwarzon darakta, sau biyar kuma ya koma gida hannu rabbana. An tsayar da shi saboda Rebecca na 1940, da Lifeboat na 1944, da Spellbound na 1945, da Rear Window na 1954, da Psycho na 1960. Ko a shekarar da Rebecca ya zama gwarzon fim, furodusa David O. Selznick ne ya karɓi kyautar. Sai a 1968 aka miƙa masa lambar girmamawa ta Irving Thalberg, wadda asalinta ta furodusoshi ce. Ya hau dandamali, ya yi godiya a taƙaice, ya sauka.

Waɗanda suka kayar da shi manya ne: akwai John Ford, akwai Elia Kazan, akwai Billy Wilder. Saboda haka rashin kyautar shi kaɗai bai isa hujjar an zalunce shi ba. Hujjar tana cikin kallon da yawancin masu sharhin fim na Ingila da Amurka suka yi masa tsawon shekaru kusan talatin. A wurinsu gwani ne na wasa da zukatan jama'a, mai cika gidan sinima, amma ba a shimfiɗa masa tabarma a majalisar masu fasaha. Fina-finansa suna kawo kuɗi, suna kuma tsorata mutane, don haka aka yanke cewa babu zurfi a cikinsu.

Wannan hukunci yana nan da ransa, kuma mutane iri biyu ne ke cin moriyarsa. Akwai mai sharhin da ke ganin duk fim ɗin da jama'a suka yi tururuwa suka kalla ya zubar da mutuncinsa; wannan ya huta da wahalar duba yadda aka gina fim ɗin. Akwai kuma daraktan da ke yin aikin gaggawa, in an yi magana ya ce abin da kasuwa ke so ke nan. Shi ma ya huta da wahalar koyon sana'arsa. Su biyun suna zagin juna a fili, alhali a kan ƙarya ɗaya suka dogara, cewa tilas mutum ya zaɓi ɗaya tsakanin fasaha da 'yan kallo. Aikin Hitchcock na fiye da shekaru hamsin, mai ɗauke da fina-finai sama da hamsin, ya ƙaryata su duka.

An haife shi a Leytonstone da ke gabashin Landan a 1899, ɗan mai sayar da kayan lambu. Ya shiga harkar fim ta ƙaramar ƙofa, yana zana allunan rubutun da ake sakawa tsakanin fitowa da fitowa a zamanin da fim ba ya magana. A 1924 ya yi aiki a Jamus, inda ya ga F. W. Murnau yana ɗaukar The Last Laugh, fim ɗin da ya ba da labarinsa kusan ba tare da rubutu ba. Daga nan ya riƙe aƙidar da bai saka ba har ya mutu a 1980: abin da kyamara za ta iya nunawa, kada a bar wa baki ya faɗa. Gani ya kori ji.

Aƙidarsa ta biyu ita ce wadda ta fi shahara, kuma ya fayyace ta ga daraktan Faransa François Truffaut a doguwar hirar da suka yi a 1962, wadda ta fito littafi a 1966. Misalin da ya bayar shi ne na mutane biyu zaune a teburi suna hirar duniya. Kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin teburin. 'Yan kallo za su razana na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Wannan ita ce bazata. To a sake fitowar, amma a fara nuna wa 'yan kallo wani yana dasa bam ɗin, a sanar da su ƙarfe nawa zai tashi, a rataya agogo a bango inda kowa ke gani. Hirar nan da ba ta da amfani sai ta zama abin da ba a iya kawar da ido daga kanta, domin kowane ɗan kallo yana son ya yi wa mutanen ihu su tashi. Wannan shi ne zullumi, kuma yana iya ɗaukar minti goma sha biyar.

Abin lura a misalin shi ne wanda aka ba sani. Mai neman bazata yana ɓoye wa ɗan kallo labari domin ya yi masa kwanton ɓauna. Mai gina zullumi yana buɗe masa labarin, ya mai da shi wanda ya fi kowa a cikin fim ɗin sanin abin da ke tafe, sannan ya ɗaure shi a kujera ba shi da ikon yin komai. Karin magana ta ce rashin sani ya fi dare duhu, amma a gidan sinima sanin ne ke hana numfashi. Hanyar farko arha ce, kowa zai iya ta da ƙarar kiɗa da fuskar da ta faɗo daga duhu. Ta biyu tana bukatar a lissafa kowace ɗauka: me ɗan kallo ya sani a wannan minti, me jarumi bai sani ba, saura nawa lokaci ya ƙare.

Fim ɗin Notorious na 1946 ya nuna yadda lissafin yake. Ingrid Bergman ta fito a matsayin matar da aka tura ta auri wani ɗan Nazi a birnin Rio de Janeiro domin ta yi leƙen asiri. Ta sace mabuɗin ɗakin ajiyar giya na ƙarƙashin gidan, kuma a daren ana babbar liyafa. Kyamara ta taso daga saman bene, ta ratsa taron baƙi, ta sauko har ta tsaya a kan mabuɗin da ke dunƙule a hannunta. Daga nan ɗan kallo ya san abu guda: idan abin shan da aka fito da shi ya ƙare, maigidan zai nemi mabuɗinsa. Sai Hitchcock ya riƙa komawa kan kwalaben da ke cikin ƙanƙara, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Babu bindiga a fitowar, babu gudu. Kwalabe ne suka zama agogo.

A The Birds na 1963 ya yi irin wannan a filin makaranta. Jarumar tana zaune a benci tana shan sigari, yara suna rera waƙa a cikin aji. A bayanta hankaka ɗaya ya sauka a kan ƙarafen wasan yara, sai wasu kaɗan, sai ƙari. Ita ba ta gani, ɗan kallo yana gani. Sannan kyamara ta daina nuna ƙarafen, ta tsaya a fuskarta, ta bar ɗan kallo da ƙidayar zuci. Lokacin da ta bi wani tsuntsu da ido ta waiwaya, ƙarafen sun yi baƙi ƙirin. A North by Northwest na 1959 kuwa ya juya al'adar da aka saba, ta kai jarumi lungu mai duhu a kashe shi. Ya tsayar da Cary Grant a bakin titi tsakiyar gonaki, da rana tsaka, babu wurin ɓuya, ya bar mintoci suna wucewa kusan babu magana babu kiɗa, kafin jirgin feshin gona da aka hango tun farko daga nesa ya juyo kansa.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan salo ita ce cewa duk dabara ce kawai, jan zaren tsoro ne, babu abin da yake faɗa game da ɗan Adam. Amsarta tana cikin Psycho. Bayan an kashe Marion Crane a banɗakin masauki, Norman Bates ya goge jini, ya sa gawar a mota, ya tura motar cikin taɓo. Motar ta fara nutsewa, sai ta tsaya cak, rabinta a waje. A wannan daƙiƙa kusan duk wanda ke kallo yana fatan ta ƙarasa nutsewa. Mutumin kirki da ya biya kuɗinsa ya shiga sinima ya wayi gari yana taya mai ɓoye gawa addu'a. Wa'azi na awa guda kan saurin karkatar zuciya ba zai kai shi inda wannan tsayawar mota ta kai shi ba, domin a jikinsa ya ji, kuma ba zai iya musantawa ba.

Rear Window ya fi haka fitowa fili. James Stewart mai ɗaukar hoto ne da ya karye a ƙafa, yana zaune a keken guragu yana leƙen maƙwabta ta taga, har ya fara zargin ɗayansu ya kashe matarsa. Kusan dukkan fim ɗin kyamara ba ta fita daga ɗakinsa. Ɗan kallo da jarumi halinsu ɗaya: suna zaune cikin duhu, suna kallon rayuwar wasu, kuma a ƙasan ransu suna son a ce an yi kisan, don kada kallon ya tashi a banza. Lokacin da Grace Kelly ta shiga gidan mutumin, shi kuma ya dawo ya same ta, sannan ya ɗaga kai ya dubi tagar kai tsaye, wanda ya kama da leƙe har da mai zaune a kujerar sinima. Wannan tambaya ce babba game da sha'awar ɗan Adam ta kallon masifar wani, kuma an yi ta ne a cikin ɗaya daga fina-finan da suka fi kawo kuɗi a 1954.

Akwai kuma shaidar da ke nuna ya ɗauki zullumi a matsayin alkawari tsakaninsa da ɗan kallo. A Sabotage na 1936, an ba wani yaro ƙunshi ya kai wani wuri a Landan, bai san bam ne ba. 'Yan kallo sun sani, sun san lokacin tashinsa. Yaron ya yi ta ɓata lokaci a hanya, ya shiga bas, bam ɗin ya tashi da shi. Daga baya Hitchcock ya sha faɗa cewa kuskure ya yi a nan, domin ya sa jama'a sun ƙaunaci yaron, ya azabtar da su da jira, sannan ya hana su sauƙin da suka cancanta. Ana iya saɓa masa, akwai manazartan da ke ganin fitowar tana cikin mafi ƙarfin aikinsa. Amma wanda ke wasa da hankalin mutane kawai ba ya shafe shekaru yana tuhumar kansa a kan haƙƙin ɗan kallo.

A Vertigo na 1958 ya bi aƙidarsa har inda ta jawo masa asara. Littafin Faransancin da aka ɗauko labarin daga ciki ya ɓoye sirrin matar har ƙarshe. Hitchcock ya tona shi saura kusan sulusin fim, ta hanyar wasiƙar da ta rubuta ta yayyaga. Ya sadaukar da bazatar ƙarshe domin ɗan kallo ya zauna yana ganin mutum yana tilasta wa mace ta koma siffar wadda ya ɗauka ta mutu, yana canza mata tufafi da launin gashi, ita kuma tana yarda saboda so da tsoro. Fim ɗin bai yi kasuwar da aka zata ba, masu sharhi da yawa suka yi masa kallon hadarin kaji. A 2012, mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masu sharhi da manazarta 846, suka ɗora shi a matsayin fim mafi girma a tarihi, ya ture Citizen Kane da ya riƙe kujerar tun 1962. Ko ɗauka ɗaya ba a ƙara wa fim ɗin ba a tsakani.

Masu sharhin Faransa ne suka fara gyara kuskuren. Matasan mujallar Cahiers du Cinéma sun dage cewa mutumin da ake kira ɗan kasuwa yana da hannu da ake ganewa a kowane fim nasa, kamar yadda ake gane marubuci da salonsa. Éric Rohmer da Claude Chabrol sun fitar da littafi a kansa a 1957, Robin Wood ya biyo baya da Turanci a 1965. Sai dai akwai tarko a cikin wannan ceto. Wasu sun ɗauka an gano mai fasaha ne da ya ɓuya a cikin kasuwa, wanda ya yi fice duk da tana danne shi. Tarihin Psycho ya nuna akasin haka.

Kamfanin Paramount ya ƙi zuba kuɗi a labarin. Hitchcock ya ɗauki nauyinsa da kansa a kan kimanin dala 800,000, ya yi amfani da ma'aikatan shirinsa na talabijin, ya ɗauke shi babu kala, ya yafe albashinsa ya karɓi kaso mai tsoka na mallakar fim ɗin. Ya kashe Janet Leigh, tauraruwar da aka sayi tikiti dominta, kafin a kai rabin fim. Domin kare wannan, ya sa gidajen sinima suka hana kowa shiga bayan an fara, a zamanin da mutane suka saba shiga a kowane lokaci su zauna har fim ya zagayo. Dokar ta zama talla, layuka suka miƙe a ƙofofin sinima, kuma ita ce dai ta kiyaye ginin labarin. Fitowar banɗakin, wadda aka shafe kimanin mako ana ɗauka, an yanka ta gunduwa-gunduwa ta yadda ɗan kallo zai rantse ya ga abin da ba a nuna masa ba, kuma wannan ya taimaka wajen wucewa gaban masu tace fina-finai na lokacin. Bernard Herrmann ya yi kiɗan da kayan tsirkiya zalla, dangin goge. A kowane mataki ƙarancin kuɗi da dokar tacewa da neman kasuwa su ne suka haifi dabarar. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya kushe fim ɗin da ya fito, kafin shekara ta ƙare ya sa shi cikin goma mafi kyau.

Gaskiya ne kasuwa ta taɓa cutar da shi, kuma yadda ta yi hakan yana da darasi. A 1966, wajen Torn Curtain, shugabannin kamfanin Universal sun matsa a yi kiɗa na zamani da zai ja matasa. Herrmann ya rubuta irin nasa, Hitchcock ya sallame shi, abotar aikin da ta haifi kiɗan Vertigo da North by Northwest da Psycho ta mutu, kuma fim ɗin bai shiga sahun manyan ayyukansa ba. Abin da ya yi wa biyayya a nan hasashen 'yan ofis ne game da abin da jama'a ke so. Ɗan kallo na gaske, wanda ya yi shekaru arba'in yana nazarin bugun zuciyarsa, bai nemi haka ba. Masu fakewa da kasuwa sukan haɗa waɗannan biyu da gangan.

Kare aikinsa kuma bai zama wanke shi ba. Tippi Hedren, jarumar The Birds da Marnie, ta bayyana cewa an shafe kwanaki ana jefa mata tsuntsaye masu rai a wata fitowa, kuma a littafin tarihin rayuwarta na 2016 ta zarge shi da cin zarafi da yunƙurin daƙile mata sana'a. Wanda ya kalli Vertigo da idon basira ba zai kasa ganin alaƙar ba. Haka nan, yabon da ya mai da shi gwani shi kaɗai ya danne haƙƙin wasu: matarsa Alma Reville, wadda ta riga shi ƙwarewa a tace fim kuma ta duba ayyukansa har ƙarshe, da marubuta irin su John Michael Hayes da Ernest Lehman da Joseph Stefano, da Herrmann. Fim aikin gayya ne, kuma wannan ma yana rushe tunanin cewa fasaha tana zaune a kan dutse nesa da masana'anta.

Muhawarar ba ta tsaya a Hollywood ba. A masana'antar fim ta Kano an daɗe ana jin amsar nan, cewa 'yan kasuwa ne suka ce a sa rawa da waƙa, ko kuma cewa 'yan kallo ba sa son abu mai wahala. Yanzu da fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube da tashoshin talabijin, sau da yawa abin da ake kira jan rai shi ne a yanke shiri a daidai lokacin da wani ya buɗe ƙofa ya zaro ido, a ce sai mako mai zuwa. Wannan ɓoye sani ne, ɗan'uwan bazata. Nuna wa ɗan kallo gubar da aka zuba a kwano, sannan a bar iyali su zauna suna hira kwanon yana tsakiya, ba ya bukatar ƙarin naira ko ɗaya a kasafi. Lifeboat a cikin kwalekwale ɗaya aka yi shi. Rope na 1948 a gida ɗaya, gawa tana cikin akwatin da aka jera abincin baƙi a kansa, kuma 'yan kallo sun san haka tun minti na farko.

Saboda haka duk daraktan da ya ce kasuwa ce ta hana shi yin aiki mai kyau, akwai tambayoyin da ya kamata a yi masa: a wannan fitowa, me ɗan kallo ya sani wanda jarumi bai sani ba, ina agogon, kuma me zai faru idan lokaci ya cika? Mai sharhin da ya raina fim don ya yi kasuwa shi ma a tambaye shi ko ya zauna ya ƙirga ɗauka nawa aka yi a fitowar da ta hana shi motsi a kujera, da dalilin da ya sa aka jera su haka. Crowther dai ya sake duba Psycho, ya janye maganarsa a cikin shekarar da ya yi ta.